Na kasa taɓa aikin da yayana ya bari

Malama Binta, don Allah ki taimake ni, ban da wanda za ni gaya ma wannan. Ni 'yar Sabon Birni ce. Yayana Muntaka shi ya gina ma mutanen garin Gatawa da sunka watse shafin intanet, waɗanda ke Isa da waɗanda sunka tsallaka Nijar, suna tura hotuna da muryoyi don a san wa ke raye, wa ya haihu. Shi ya koya min aikin. Bara 'yan bindiga sunka tare motarsu a hanyar Isa, har yau shiru.

Tun da aka sabunta sabar, wato kwamfutar da shafin ke zaune a kanta, abu ya lalace. Rubutu na wucewa, amma in mutum ya loda hoto ko murya, sabar ba ta miƙa shi ga 'yar manhajar da ke karɓa, sai fayil ya iso fanko. Na gano wurin, layuka ne kaɗan cikin saitin da ya rubuta. Amma Malama, a gefen layukan akwai 'yan bayanansa, har da inda ya sa "Ƙanwa, kar ki taɓa nan sai na dawo." Wasa yake lokacin, kasuwa kawai ya tafi. In na buɗe sai in ji kamar yana bayana, sai in rufe. Wata tsohuwa a Maraɗi kullum tana gwada turo muryarta ga ɗanta. In na gyara, ba na yanke ƙauna ke nan ba?

Mai kewa, Sabon Birni

Ƙanwata, Allah ya bayyana Muntaka cikin aminci. Ba na ganin laifinki, kewa ce, kuma kina da haƙƙin riƙe abin da ya bari. Sai dai tsohuwar nan ma jira take yi, kuma nata maganin yana hannunki.

Ki kwafe saitin yadda yake, da duk bayanansa, ki adana a wuri biyu. Sannan ki gyara layukan, ki gwada da ƙaramin hoto, sai murya mai tsawo, ki duba ko sun iso da nauyinsu. Kada ki zauna yin aikin ke kaɗai, ki kira wata 'yar uwa kusa da ke ko da ba ta san kwamfuta ba.

Gyara ba yanke ƙauna ba ne. Idan Allah ya dawo da shi, gara ya tarar da shafin yana aiki, ya yi miki faɗan taɓawa. Allah ya nuna mana wannan ranar.