Wanne Ne Injin Orvokki?

Litinin, 11 ga Janairu

Anneli, ma'aikaciyar asibitin da ke zuwa motsa wa matata Orvokki jiki, ta faɗa mini gaskiya yau a bakin ƙofa tana ɗaura takalmi. Farkon Maris likitoci za su sake duba ta. In hannun dama bai fara motsi ba, gidan tsofaffi za a kai ta, can Kajaani, don ni kaɗai ba zan iya ci gaba da ɗaga ta ba. Wai hannun bai mutu ba, mai shi ce ta daina aikensa. "Nemo abin da take so, wanda zai sa ta manta ta miƙa hannu."

Na tsaya ina sosa ƙeya. Mun tsufa tare da matar nan, amma abin da take so? Tun da ɓarin jikinta ya shanye ba magana, ba dariya, sai ido.

Ina wanke tukunya na tuna: injinan cacan nan na bakin kanti. Duk cefanen da muka je sai ta tsaya a wurinsu, ni ina cikin mota ina danna mata ham. Na sha ce mata mai ba ƙarfe kuɗinsa da mai zuba su a masai duk ɗaya ne. To, ga ni yau.

Laraba, 13 ga Janairu

Tura keken guragu cikin dusar ƙanƙara ya fi tuƙa motar katako wuya, ni na san duka biyun.

Inji biyar ne ashe. Ban taɓa kallonsu da kyau ba. Na sunkuya na ce, "Tsohuwa, wanne ne naki?" Ta dube ni kawai.

Ƙawarta Hilkka na wurin. "Taisto! Yau ta ina rana ta fito? Mai ham ya shigo da ƙafarsa!" Ta rungume Orvokki, ta ce nata shi ne mai hoton kankana. Wani tsohon ma'aikacin gidan waya, Eino, wanda kamar a nan yake kwana, ya ce ƙarya ne, mai kati take bugawa, shi shaida ne. Suka kama musu a kaina kamar ba na wurin.

Na jefa yuro ɗaya a mai kankana, na ɗora hannunta a kan maɓalli. Ya zame ya faɗi a cinyarta kamar jiƙaƙƙen tsumma. Ni na danna. Injin ya haɗiye, ko godiya babu.

Juma'a, 15 ga Janairu

Na yi tunanin in ta ji ƙarar kuɗi na zubowa wataƙila ta motsa. To wanne ne zai zubo?

Eino ya ja ni gefe. Wai inji ciki gare shi kamar na mutum, in ya ƙoshi dole ya amayar. Saboda haka ba a zaɓen inji, mutum ake zaɓa: ka sa ido a kan wanda ya daɗe yana ɗura masa bai samu komai ba, yana tashi ka maye gurbinsa. In kuma za ka zaga, ka ajiye safar hannunka a kai, ba mai taɓawa. "Dokar wurin nan ke nan, mutumina. Ta fi ta majalisa ƙarfi."

Na ce in haka ne me ya sa har yanzu da tsohuwar rigar gidan waya yake yawo? Ya ce baƙin ciki ne ke damuna.

Lahadi, 17 ga Janairu

'Yarmu Marjut ta bugo daga Tampere. Na ba ta labarin cikin inji, ta yi dariya har da tari. "Baba, ba shi da ciki, ba shi da tunani. Bai san ka zo jiya ba." Wai an tsara shi ne a kan cikin ɗari ya mayar da wajen casa'in, amma ba ga mutum ɗaya ba, ga duk jama'a, a tsawon shekaru.

Na ce to in bai tuna abin da ya ci, ta yaya ya san lokacin da zai mayar da casa'in ɗin? Ta kauce wa tambayar. Sai ta ce, "Yaya Mama?" Ita ma 'yar boko ba ta sani ba ke nan. Ko ta sani, ni ne kaina bai ɗauka ba.

Talata, 19 ga Janairu

Na sa yuro goma. Tarana suna wajen wa?

Asabar, 23 ga Janairu

Hilkka ta ƙara rikita ni. Wai a ƙasar nan ba a asara a inji, tunda ribar ƙungiyoyin marasa lafiya da tsofaffi ake ba. "Keken nan na matarka ma, wa ya sani ko daga aljihuna ya fito?" Ke nan in na faɗi na yi sadaka, in na ci na ƙwace wa guragu? To me kowa yake wa addu'a yana shafa gilashi?

Hannu shiru. Na gwada ta a gaban mai kati, da mai ƙararrawa, da na lungu. Duk kallo ɗaya.

Alhamis, 28 ga Janairu

Ya zubo!

Na lungu ne. Lemo uku suka jeru, sai wata fitila ta kama tana tambaya: ka karɓa ko ka ninka? Eino a bayana yana cewa, "Ninka, kada ka ba mu kunya!" Hilkka na cewa Orvokki ba ta taɓa ninkawa ba a rayuwarta. Na ninka. Ya ba ni. Na sake, ya sake ba ni. Rabon da in ji irin haka tun ranar da mota ta ƙwace mini a kan gada. Tsabar kuɗi na ta zubowa cikin faranti, duk kanti aka waiwayo.

Na juya don in ga ko ta motsa. Ba injin take kallo ba. Ni take kallo.

Na sayo kifi da burodin kirfa. Ta ci kaɗan.

Talata, 2 ga Fabrairu

Anneli ta zo, na bar su na je sayo madara. Da na dawo ta ce ai akwai kwali biyu a firji. Mantuwa ce. Tsufa.

Asabar, 6 ga Fabrairu

Ni dai abin da na lura, na lungu da safe yake sakin hannu, bayan an gama goge ƙasa. Mai kankana kuwa mugu ne, ya kawo biyu ya riƙe na ukun a sama kana ganin gefensa. Marjut ta ce da gangan aka yi shi haka don in ji kamar na kusa. Na ce in da gangan ne, ashe yana da tunani ke nan. Sai ta ce kada in wahalar da ita.

Yau na manta ban ajiye safar hannu ba, na je canjin kuɗi. Wata mata mai jar hula ta zo ta jefa ɗaya tak, ya zubo mata. Nawa ne. Tun safe nake ciyar da shi. Har na buɗe baki, Allah ya taimake ni na rufe. Raina ya ɓaci wuni guda, kuma haushin kaina nake ji da ya ɓaci.

Juma'a, 12 ga Fabrairu

Hilkka ta same ni a wurin shan kofi na kanti, yau ba wasa a fuskarta. Ta ce in daina neman injin Orvokki, babu shi. Wanda ba kowa a kai take tsayawa, ta sa kwabo ɗaya, ta shafe rabin awa ba ta danna ba. Hira take zuwa yi. "Ta ce gidanku shiru kamar maƙabarta. Ka dawo, ka ci, ka buɗe jarida."

Na ce ƙarya ne. Ba ƙarya ba ne. Ya yi mini zafi ƙwarai.

Da zan fita na ga na lungu ba kowa, na tsaya kaɗan.

Laraba, 17 ga Fabrairu

Anneli ta matsa yatsun Orvokki, ta saki. Ta haɗa kayanta ta tafi, ni ma ban tambaya ba. Maris ya matso.

Alhamis, 25 ga Fabrairu

Ban san yadda zan rubuta wannan ba.

Na ajiye kekenta kusa da ni, gefen ƙofa, na ce yanzu za mu tafi. Injin ya ci, ya ci, na ce ai ya kusa ƙoshi. Na tuna maganar Marjut, na ce to in ba ya tunawa, wannan dannawar ma sabuwa ce, tana iya zama ita ce. Ta ko'ina na lissafa, amsar dai ita ce in ƙara. Ƙofar nan tana buɗewa da kanta duk wanda ya gifta, iska na shigowa. Bargon ya zame daga kafaɗarta ban gani ba. Wai Hilkka ta yi mini magana har sau biyu. Ban ji ba, wallahi ban ji ba.

Na sa hannu a aljihu zan ciro na ƙarshe, sai na ji an riƙe mini wuyan hannu. Sanyi ƙalau, ba ƙarfi, yatsu uku ne kawai suka lanƙwasa. Na ɗauka Hilkka ce, har na fizge. Sai na duba.

Na Orvokki ne, na dama.

Leɓɓanta sun yi shuɗi don sanyi, gumi kuma a goshinta. Daga cinya zuwa hannuna, Allah kaɗai ya san tsawon lokacin da ta ɗauka tana tafiyar nan. Eino ya cire hularsa. Ni kuwa na naɗe ta da rigata muka fito.

Juma'a, 26 ga Fabrairu

Anneli ta yi tsalle a tsakar ɗaki kamar yarinya. Ta ce wannan ya isa ta nuna wa likitoci, a ƙara mana lokaci. Ta tambaye ni me Orvokki take ƙoƙarin kamawa. Na ce kofin shayi. Orvokki ta dube ni, na dubi taga.

Da rana na zauna a gefenta na ba ta labarin gadar nan da mota ta ƙwace mini. Ban taɓa gaya mata ba ashe. Ban iya ba da labari ba, na fara daga tsakiya na koma farko, amma ba ta yi barci ba.

Wajen ƙarfe goma na safe dai ƙafata ta yi ta ƙaiƙayi, lokacin goge ƙasa. Ba komai ba ne.

Na roƙi maƙwabcinmu ya riƙa haɗo mana cefane in zai je. Hanyar kantin ta yi santsi da yawa ga keke, shi ke nan dalili.