Inna, Ashe Ke Kika Dama Kunun

Assalamu alaikum, Inna. Ya kwanciya? Na san ba mai kai miki wagga takarda, amma in ban faɗa ba cikina zai fashe.

Gida lafiya. 'Yan gaisuwa sun watse, an cire albasar fadama, akuyarki ta haifi biyu. Ni ce dai ban dawo daidai ba tun da Balkisu, jikarki, ta buɗe baki ranar sadakar bakwai.

Ni ɗiyarki ta fari ce, kin yi kunyata har kika koma ga Allah. Ba ki taɓa kiran sunana ba, sai "waccan". Ana yaye ni kika miƙa wa Goggo riƙona a Birnin Tudu. Na san al'ada ce, amma wallahi a raina na ɗauka kin wuce al'ada, ba ki so na ne kawai. Da wannan na girma, da shi na yi furfura.

Ashe da kika tsufa, Balkisu kike zaunarwa kuna wasan kaka da jika, kina kwance mata labarinki kaf. Ita ta ce mini shekarar da ƙyanda ta kwantar da ni, kin ce wa Baba za ki gaisuwa Bakura, kika tako da ƙafa tun daga Mafara har Birnin Tudu da tsohon ciki. Ba ki shiga gidan Goggo ba, kada a ce ba ki da kunya. Kika sauka gidan maƙwabciyarta Iya Abu, kika zauna jikin danga kina jin tarina. Ke kike dama kunun tsamiya, a miƙo ta saman danga a ce in ji Iya Abu.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Inna, na tuna kunun nan. Shi kaɗai yake zama a cikina. Har na aurar da 'ya'ya ina yi wa Iya Abu addu'a kan kunun da ba ita ta dama ba! Haba Inna, me zai ragu a jikinki da kin leƙo? Duk zaman jinyarki da na yi, ina juya ki ina shafa miki man zafi, ko sau ɗaya ba ki ji bakinki ya suɓuce ba?

Abin da ya fi kashe mini jiki, Balkisu ta ce kin ba ta labarin ne don kada ta riƙe ni a zuciya. Sai a lokacin na dube ta da kyau. Ita ma ɗiyata ce ta fari, ni ma ban taɓa kiran sunanta ba. Ashe abin da ya ci ni, shi yake cin ta, ban sani ba.

Jiya na raka ta tasha za ta koma ɗakinta Maradun, ga ciki ya tsufa. Na ce in motar nan ta tashi ban yi magana ba, shi ke nan, na zama ke. Gaban direbobi da masu rake na ɗaga murya na kira ta, Balkisu. Ba ta waiwayo ba, Inna. Ba ta san sunanta da muryata ba. Sai da na sake kira ta juyo, ta diro daga motar ko takalmi babu.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka kabarinki. Na yafe, ke ma ki yafe mini zaton da na yi miki.

Taki ta fari,
Rabi, da sunan da ba ki taɓa faɗa ba.