Fayafan Baba

Makka, 4 ga Rajab 1372

Zuwa ga Yaya Ramlatu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da maigidanki da yara, da fatan ciwon ƙafarki ya yi sauƙi.

Yaya, garmahon Baba ya tafi. Kin san duk Alhamis nakan sa wa ɗalibaina tsofaffin fayafansa na kiɗan udu, molon Larabawa. Sai su rufe ido su kasa kunne, wanda ya ji sautin ya juya ya ɗaga hannu. Yaran da ba sa iya zama wuri ɗaya har numfashi suke riƙewa.

Abokin aikina Abdulganiyyu ya kai ƙarata wurin mudir, shugaban makarantarmu, wai ina lalata tarbiyya. A gaban yara ya ɗaga garmahon ya maka da ƙasa, ya kwashe fayafai sha biyu, wai zai ƙona. An sallame ni. Wallahi ban yafe ba, kuma kada ki rubuto ki ce in yi haƙuri.

Ƙaninki,
Mukhtaru

Makka, 19 ga Sha'aban 1372

Yaya Ramlatu,

Gaisuwa mai yawa. Yaya zafin Madina?

Abdulganiyyu bai ƙona fayafan ba. Ɗalibina Idris ne ya bi ta bayan gidansa a unguwar Mansur, ya jiyo kiɗa ta taga, ya gane faifan tun daga bugun farko. Kwana tara ina bin layin har na san lokacinsa. Ranar Talata bayan la'asar na ja mudir da iyaye huɗu muka tsaya ƙarƙashin tagar. Da muka shiga, yana kishingiɗe, ido a rufe, yana kaɗa kai a gaban sabon garmaho.

Ya riƙe hannuna yana cewa, "Ustaz, rufa mini asiri." Na ce, "Kai ka rufa nawa?" Mudir ya tambaye ni hukunci, na ce a yi masa yadda aka yi mini. An kore shi, an mayar da ni, an ba ni fayafan da garmahonsa a madadin na Baba, amma ba sauran kiɗa a aji sai a gidana. Matarsa ta zo tana kuka, ban fito ba.

Ban yi nadama ba, Yaya. Abu ɗaya ne ya tsaya mini. Ɗansa Tijjani har yanzu yana zuwa ranar Alhamis, ya zauna can bakin ƙofa, ba ya kallona. Duk cikinsu babu mai kunnensa. Jiya da faifai ya ƙare aka watse, ya tambaye ni ko zan bar shi ya ƙara ji sau ɗaya, don ya rera wa babansa a gida. Na sake sa masa.

Ki gaida kowa.

Naki,
Mukhtaru Baraka