Muryar Mama a Kaset ɗin Malam Leonard

Kafanchan,
14 ga Nuwamba.

Zuwa ga Yayana Meshak,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu. Ina fata takardar nan ta same ka lafiya, kai da Anti Doreen da yara. Allah ya ƙara maka ƙarfin aiki a can Fatakwal. Mu nan lafiya lau. Baba ya ji sauƙi, ƙafar ce dai take hana shi zuwa gona, amma an haƙe cittarsa an shanya, yana wuni a gefenta yana korar kaji.

Abin da ya sa na rubuto maka, maganar Malam Leonard ce, mai koya wa zumuntar mata waƙa a cocinmu na Madakiya. Ka tuna baƙar rakodarsa da yake ɗaure murfinta da roba, ya ajiye kan benci ya ce kowa ya yi shiru? Bayan rasuwarsa, ɗansa Nelson ya juye kaset ɗin da ya naɗa gaba ɗaya ya ɗora a wani shafin intanet da sai da kalmar sirri ake shiga. Watan jiya ya kira ni ya ce ba zai iya ci gaba da riƙe shafin ba, ƙarshen wata za a rufe, in ina son wani abu in kwashe. Ya ba ni kalmar. Da na shiga na tarar da fayil ɗari uku da sha biyu, kowanne an matse shi a zip, ba suna sai lamba. Ba yadda zan san wanda ke da muryar marigayiya Mama sai na sauke duka.

Da hannu na fara, ɗaya bayan ɗaya. Kwana uku ina yi bayan na tashi daga makaranta, guda tara kawai na samu, domin da sabis ya yanke sai shafin ya kore ni waje, in sake shiga in faro daga farko. Sai na ce da kaina, shekara takwas ina koya wa 'ya'yan mutane kwamfuta, abin kunya ne wannan ya gagare ni. Na zauna na rubuta ɗan furogiram da zai shiga da kalmar sirrin, ya karanta jerin fayilolin, ya sauke su da kansa. Cikin minti biyu ya ce ya gama. Na yi murna, amma da na buɗe, ba waƙa ko ɗaya. Ashe shafin da ake rubuta kalmar sirri ya yi ta saukewa har sau ɗari uku da sha biyu, don yana shiga yake manta ya shiga. Na gyara shi ya riƙa riƙe shaidar shigarsa, in sabis ya yanke ya jira ya ci gaba daga inda ya tsaya. Kwana shida ya ɗauka, ya gama saura kwana biyu a rufe.

A na ɗari da arba'in na same ta, Kirsimetin 1989. Kafin a fara waƙar wata jaririya tana tsala kuka, sai ga Mama da yarenmu na Jju tana kiran sunanka, tana cewa ka goya ƙanwarka ka fita da ita gindin mangwaro. Yaya, ni ce mai kukan. Har ƙarar silifas ɗinka an ji. Sannan ta ja waƙar, matan suka amsa.

Ranar Lahadi na kai wa Baba. Ya kara wayata a kunne har waƙar ta ƙare, ya ce in sake sawa. A karo na uku ya yi murmushi ya ce kullum takan ɗauki waƙar nan sama da yawa, matan su sha wahalar binta, kuma shekara arba'in suna tare bai taɓa samun zuciyar gaya mata ba.

Na zuba maka duka a filashin kwamfuta, Asher ɗan garinmu zai taho maka da shi in zai koma aiki Fatakwal. Ka sa wa yara su ji kakarsu. Ka gaida Anti Doreen, da Milka, da ƙaramin Leonard. Baba da Inna Afiniki suna gaishe ku. Ubangiji ya tsare mu har mu ga juna.

Ƙanwarka,
Keziya