Na Ce wa Likita da Sauƙi Saboda Kawuna Yana Zaune

Assalamu alaikum Hajiya Rukayya. Don Allah ki taimaka ki raba mu gardama ni da matata, magana ta ƙi ƙarewa a ɗakina, ni kuma na gaji.

Direban adaidaita sahu ne ni, a Gyaɗi-Gyaɗi nake zaune. Keken na kawuna ne, Alhaji Inuwa, shi ya ɗauko ni daga ƙauye ya damƙa min makulli. Tun bayan ƙaramar sallah wani abu ya sauko min. Ba wanda ya rasu, ba wanda ya ci min mutunci, duniyar ce kawai ta fita daga raina. Abinci ba ɗanɗano, barci ya ƙaurace. Sai in faka a bakin titin Gidan Zoo, fasinja na ɗaga min hannu, ni kuwa ko tayar da keken ji nake kamar an ce in ɗaga gini.

Matata Safiya ta matsa har muka je asibiti. Wata nas ta karanta min tambayoyi tara a kan yadda na kasance a makonni biyu: barci, cin abinci, gajiya, tara hankali, har da ko ina jin gara a ce ba ni da rai. Kowace amsa da makinta. Na faɗi gaskiya, na ci ashirin da ɗaya. Likita ya ce ciwon damuwa ne mai tsanani, ya ba ni magani, ya ce in dawo bayan wata guda a sake aunawa.

Ranar komawa kawu ya ce shi zai kai ni da motarsa. Zumunci ya yi, ban ce ba. Amma har cikin ɗakin ya biyo ni ya zauna, wa zai ce wa dattijo mai furfura ya fita? Hajiya, ke ma kin san tarbiyyarmu. Marar lafiya ko yana gargara aka ce masa ya jiki, da sauƙi zai ce. Balle a gaban mutumin da ya rufa maka asiri. In buɗe baki in ce hankalina ba ya taruwa, kawu mai keken na saurare? A ranar zai karɓe makullinsa, mu ci me? Duk abin da aka tambaya na ce babu, alhamdulillahi. Maki biyar na ci. Likita har da miƙo min hannu, ya ce in ci gaba da magani in dawo bayan wata uku. Kawu ya baza a majalisarsu cewa na warke.

To ban warke ba. Satin da ya wuce a titin Zariya tirela ta taho, ina ganinta sarai, amma na ɗan jima ban taka birki ba, don zuciyata ta ce min ba asara. Akwai wata mata da kayan miya a bayana. Safiya kaɗai na gaya wa, tun ranar take kuka wai in koma asibiti.

Ni kuma na ce ba inda za ni, maganin ma na ajiye. Ma'aunin da ni da ko sakandare ban gama ba na ruɗe shi, me zai tsinana min? Likita ya kalli takarda bai kalli idona ba. Ba ni da hauka, kuma ba zan bari a mayar da ni lamba ba. Ki gaya wa Safiya gaskiyata.

Mai Keke, Gyaɗi-Gyaɗi

Wa alaikumus salam ƙanena. Gaskiyarka zan fara ba ka, don kana da ita. Bai kamata a yi maka waɗannan tambayoyi a gaban kowa ba, ko da mahaifinka ne. Kuma tsoron rasa abincinka ba wauta ba ce.

Amma ba ka ruɗi ma'auni ba. Mudu ne, abin da ka zuba shi ake aunawa. Ranar da ka zuba gaskiya ya nuna tsanani, kuma daidai ya nuna. Ba don a mayar da kai lamba ake wannan lissafi ba, don a gane ne ko magani na aiki. Wata guda kana sha ba canji, labarin da likita ke nema ke nan don ya ƙara ko ya sauya maka wani. Kai ka hana shi. Da sauƙi amsar gaisuwa ce, ka ci gaba da ba maƙwabta. Likita ba gaishe ka yake yi ba.

Kada ka jira wata uku. Gobe ka koma kai da Safiya, ka ce kana son ganin likita kai kaɗai, haƙƙinka ne. Ka gaya masa amsoshin baya ba gaskiya ba ne, ka ajiye magani, sannan ka ba shi labarin tirelar yadda ka ba ni. In tunanin mutuwa ya sake taso maka kafin nan, kada ka zauna kai kaɗai, ku tafi sashen gaggawa a take. Ciwon nan ba hauka ba ne, ba raunin imani ba ne, kuma ana warkewa.

Batun kawu, mutumin da ya bar harkokinsa ya kai ka asibiti ba maƙiyinka ba ne. Ka ce masa likita zai sake duba ka, ka roƙi a ba wani amintacce keken na ɗan lokaci ku riƙa raba kuɗin da ya samo. Zai iya ɓata rai, ban yi maka alkawari ba. Amma ajiye makullin nan wajibi ne har likita ya ce ka hau. Ka ce zuciyarka ta ce ba asara. Ƙarya ta yi maka, ciwon ne ke magana. Safiya za ta yi asara, haka ma 'ya'yan duk wadda ta hau bayanka da kayan miyarta.

Wannan karon matarka ce da gaskiya, ka bi ta. Allah Ya ba ka lafiya mai ɗorewa, Ya mayar da kai kan kekenka da ranka da hankalinka.

Hajiya Rukayya