Babana da Kwanon Yayyafi

Gwaggo, don Allah ki taimake ni da shawara. Akwai abin da ke damuna, kuma na rasa wanda zan faɗa wa a gida.

Babana mai wanki da guga ne, shekara arba'in da ɗoriya a ɗan shagonmu. Ni ce babbar 'yarsa, tun rasuwar mahaifiyarmu nake taya shi. Yanzu ni ke riƙe dutsen guga domin kafaɗarsa ta gaji, amma akwai aikin da bai taɓa sakar wa kowa ba, wato yayyafi. Kafin a goge riga zai tsoma yatsu a wani tsohon kwanon silba, ya watsa mata ruwa, ya naɗe ta, ya sa a kwando ya rufe da tawul. In ta jima sai ya ɗauko ya kara a kumatunsa. Idan ya gyaɗa kai, to, a goge. Da wannan ya yi suna, da shi ya ciyar da mu mu shida.

Tun bara hannunsa ya fara rawa. Da ruwan kan sauka kamar raɓa, yanzu sai ya jiƙa riga sharkaf. Ranar farko da ya kara a kumatu ya ji haka, sai ya ɗauki kwandon. Ya fita ya shanya kayan da kansa, kuma ranar ko abinci bai taɓa ba. Ƙanena ya sayo masa kwalbar feshi. Baba ya yi godiya, ya sa masa albarka, ya ɗora ta a kan kantar shago. Tana nan cikin ledarta har yau.

To ni, Gwaggo, sai na shiga munafunci. Da ya tafi sallar azahar sai in kwashe kayan kwandon, in baza su gaban fanka su sha iska, in sake naɗewa in mayar. Ya dawo ya kara a kumatu, ya gyaɗa kai, ni kuma in sunkuyar da nawa. Har ma na lura tsufa ya fara taɓa ƙafarsa, domin a da cikin minti goma sha biyar yake dawowa, yanzu sai ya kusa awa.

Abin da ya tayar da maganar, wani otal ne ke so ya riƙa ba mu zannuwan tebur da rigunan ma'aikatansa, suka ce mu rubuto musu da Turanci yadda muke sarrafa kaya. Da na zo kan yayyafi sai na cije. Na buɗe ƙamus na tarar da kalmomi jere, wannan na nufin kaɗan, wannan tsaka-tsaki, wannan ko'ina daidai, wannan sosai. Duk na gwada, babu wadda ta kama abin da Baba ke yi. Na tambaye shi, ya yi dariya ya ce shi bai taɓa auna danshi da baki ba. Ya ɗauko riga daga kwando ya kara a kumatuna, ya ce in rubuta musu wannan. Sai da na shiga bayan shago na yi kuka.

Kayan otal suna da yawa, ba za su ɓoyu gaban fanka ɗaya ba. Ƙanena ya ce kawai a zaunar da Baba a gida ya huta. Ni kuwa na san ranar da aka raba shi da kwanon nan, an gama da shi. In ƙi aikin, ko in faɗa masa gaskiya?

'Yar mai guga

*

'Yata, share hawayenki. Abin da kika yi ba munafunci ba ne, tausayi ne, sai dai ya kai inda zai tsaya.

Ƙanenki bai yi laifi ba. Shago na buƙatar aikin nan, kuma ba a goge zanin tebur yana ɗiga. Ke ma kina da gaskiya, mutumin da ya shekara arba'in a tsaye ba hutu yake gani a zaman gida ba. Kuskurenku ɗaya ne, kun ɗauki aikin Baba abu guda, alhali biyu ne. Akwai watsa ruwa, akwai sanin ya yi. Hannu ne ya gaza, kumatu na nan daram.

Kada ki ƙi aikin otal, kada kuma ki zaunar da shi ki karanta masa gazawarsa. Gobe da safe ki ɗauko kwanon ki ce masa aiki ya ƙaru, ya koya miki yayyafi. Ke ki watsa yana kallo yana gyara miki, kuma kada riga ta hau teburin guga sai ta bi ta kumatunsa. In ya ce ba ta yi ba, ki sake, ko da kina ganin ta yi. A kai shi asibiti kuma a duba rawar hannun, wata tana jin magani.

Takardar Turanci kada ta sha miki kai. Ki ɗauki kalmar da ke nufin kaɗan ki haɗa da mai nufin ko'ina daidai, sannan ki ƙara cewa kowane kaya sai gwani mai shekara arba'in a sana'a ya duba shi. Wannan layin ne zai burge su.

Saura abu ɗaya, kuma da na karanta shi sai da idona ya kawo ruwa. Mutumin da ke gane danshi da kumatu, kina tsammanin ba ya bambanta naɗinsa da naki? Ba na jin ƙafarsa ce ta yi nauyi, 'yata. Ina kyautata zaton zama yake yi a masallaci yana jiran fankarki ta gama aiki, don kada ya shigo ya ba ki kunya. Kina rufa masa asiri, shi ma yana rufa miki.

Allah ya ƙara masa lafiya, ya yi miki albarka, ya sa wa shagon albarka. Ki karɓi kwanon daga hannunsa, ki bar shi ya riƙa dawowa da wuri.

Gwaggo