Gaban Motar Baban Mufida

Agege, Legas
6 ga Maris, 2000

Yaya Mariamu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da yara. Yaya ƙafar Inna?

Yaya, raina a ɓace yake. Baban Mufida ya sayi wata tsohuwar jar mota mai kujera biyu a hannun wani sojan da aka yi wa ritaya. Gudu gare ta, amma ina hanyar gudu a Legas? Da ta shiga goslo sai ta ɗau zafi, ta hau tururi kamar tukunyar ɗanwake. Dole wani ya zauna a gefe da jarka, yana fita yana ba lagireto ruwa.

Wannan wanin kuwa Oumarou ne, bakaniken nan na Maraɗi. Kullum shi ne a gaba, hannu a taga, suna ta dariya. Ni da na sha wuya da mutumin nan tun yana tura baro, ko sau ɗaya ban shiga ba. Wallahi kishin Oumarou nake, ban ɓoye miki ba. Na ce ranar bikin 'yar ƙawata Baiwa a Obalende ni zan zauna, zuba ruwa ai ba karatu ba ne.

Ki gaida kowa.
Ƙanwarki, Mastura.

Agege, Legas
20 ga Maris, 2000

Yaya Mariamu,

Ina gaisuwa, da fatan an yi Sallah lafiya.

Na shiga motar. Na ci leshi, na kafa ɗauri, maƙwabta na leƙe. Jarkata ma ta fi ta Oumarou, don a firizar da nake sa zoɓon sayarwa ta kwana, har da ƙanƙara. Shi ruwan rijiya yake ba ta, na ce yau za ta sha na gata.

A Oshodi hanya ta tsaya cak, rana na dukan kwano. Motar ta tafasa. Baban Mufida ya kashe ta, ya bari tururin ya lafa, ya buɗe murfin da tsumma, ya ce in jira. Yana can yana ba direban danfo, bas ɗin hayar da ke bayanmu, haƙuri, ni kuwa na ga jiran me. Na tuttule jarkar duka. Sai na ji ƙas. Ashe ƙarfe mai zafi ba ya son sanyi farat ɗaya. Injin ya tsage, muka koma gida a danfo.

Bai yi mini faɗa ba. Oumarou ne ma ya ce injin dā ma ya tsufa, ba laifina ba ne. Da zagina ya yi, da ya fi mini sauƙi.

Wai sai a Kwatano ake samun irin injin. Jibi za su tafi su biyu, ba su san ranar dawowa ba. Ni aka ce in yi musu dambun guzuri, kuma in rage yaji, Oumarou ba ya so.

Ki sa ni a addu'a.
Taki, Mastura.